Azurfar da Ta Raba Ni da Yayanku

Gidanmu na biyu a New York shi ne na Mount Hope, a Bronx, hawa na huɗu a wani dogon bene mai jan bulo, ba nisa da babban titin Grand Concourse. Ku ƙanana ba ku san shi ba, kuma ko kun je nemansa yau ba za ku same shi ba. A tsakiyar shekarun saba'in muka zauna a can, lokacin Babanku yana aikin buga takardu a ofishin jakadancinmu. Da sassafe yake fita ya hau jirgin ƙasa zuwa Manhattan, ba ya dawowa sai bayan magariba. Ni kuwa ina gida da yayanku, yana ɗan shekara uku, ina kuma ɗauke da cikinki, Bilkisu. Turancina na 'yar firamare ne, wanda ya isa in sayi madara da burodi in karɓi canji, amma in aka yi mini magana da sauri sai dai in bi bakin mutum da kallo.

Shekarun gobara ne a unguwar. Da wuya mako ya wuce ba ka ji jiniyar 'yan kwana-kwana ba, ka leƙa taga ka ga hayaƙi ya turnuƙe wani layi. Ana ta raɗe-raɗin cewa masu gidajen ne da kansu suke sa a cinna wutar don su karɓi diyya. Ban san gaskiyar wannan ba, na dai san fasfo ɗinmu kullum suna cikin wata jaka a bayan ƙofa, takalman yayanku kuma a gefenta. Sai dai ba wuta ce ta fi ba ni tsoro ba. A hawan da ke ƙasa da namu akwai wata mata 'yar Puerto Rico mai yara biyu. Wata rana da hantsi na ji ihu a matakala, na ɗan buɗe ƙofa, sai na ga ɗan sanda da wata mata mai jaka suna sauka da yaran, uwar tana biye da su ba takalmi, tana jan rigar ɗan sandan. Da Babanku ya dawo na tambaye shi laifin da yaran suka yi.

Ya ce, "Ba su yi laifin komai ba. A ƙasar nan akwai hukumar da ke kula da yara. In suka ga uwa ba ta riƙon 'ya'yanta yadda suke so, sai su karɓe su ba wa wasu."

Na ce, "Su ba wa dangi?"

"Wani lokacin dangi. Wani lokacin mutanen da ba a sani ba."

Ban ƙara ganin yaran nan ba har muka bar gidan.

A samanmu kuwa akwai wata tsohuwa Baturiya 'yar ƙasar Poland, ita kaɗai take zaune. Sunanta Halina, amma bakina bai iya ba, sai nake ce mata Halima, yayanku kuma ya mai da ita Kaka Halima. A matakala muka san juna, ranar da ta gan ni da goyo a baya da kaya a hannu, ta karɓi jaka ɗaya ba tare da ta tambaye ni ba. Turancinta bai fi nawa da yawa ba, shi ya sa muke fahimtar juna, don ba mai yi wa wata sauri. Da hunturu ya shigo, mai gidan ya daina sayen man da ake ɗumama benen da shi, ɗakunanmu suka koma kamar cikin firiji. Ita tana da 'yar hita ta lantarki, don haka da Babanku ya fita sai in naɗe yayanku cikin bargo mu hau wurinta. Ta dafa mana shayi, ni kuma in kai mata ƙosai in na samu wake. Ta san ba ma cin naman alade, har ta ware mana kofuna da faranti daban don in saki jiki.

A kan wani ɗan teburi kusa da gadonta akwai tsofaffin hotuna, da wani ɗan akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle a ciki. A nan azurfar take. Fara ce sol, mai faɗin kwandala, kuma ba ta kashewa ba ce, an buga ta ne don tunawa. A fuska ɗaya mikiya ce ta buɗe fukafukai, a ɗaya fuskar kuma wani dogon gini mai tagogi a jere, da hasumiya a tsakiyarsa. Ɗan 'yar'uwarta ne ya aiko mata daga gida. Ta ce ginin nan fadar sarakunansu ce ta dā a birnin Warsaw, inda aka haife ta. Tana budurwa tana sayar da burodi a wani kanti da ke kallon hasumiyar, da agogon jikinta take sanin lokacin tashi. Da yaƙi ya zo aka yi wa fadar ruwan bam, daga baya aka tashi abin da ya rage da nakiya, har ya zama tsibin ƙasa. Shekara da shekaru filin yana nan haka, sai a lokacin nan mutanen ƙasarsu na gida da na waje suka shiga karo-karo ana sake gina ta daga tushe. Ita ma takan kai nata a cocinsu. Da ta ga ban gane nauyin abin ba sai ta tambaye ni ko muna da gidan sarki a garinmu. Na ce muna da shi, ya daɗe ƙwarai.

Ta ce, "To ki ce kin tashi da safe kin je, kin tarar babu shi. Fili kawai."

Na kasa kwatanta Kano a haka. Ita kuma ta goge azurfar da gefen rigarta ta mayar cikin akwati. Yayanku yana son abin nan saboda ƙyallinsa, kullum sai ya miƙa hannu, ita kuma ta nuna masa daga nesa ta ce gidan sarki ne, ba a taɓawa.

Ranar da abin ya faru muna sama kamar kullum, ana gab da azahar. Wuta ta kama wani bene a tsallaken titi, motocin kwana-kwana suka cika layin, jiniya ta ko'ina. Yayanku ya firgita ya fara kuka, ya ƙi bargo, ya ƙi biskit. Kaka Halima ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta buɗe akwatin ta damƙa masa azurfar a hannu. Nan take ya yi shiru. Mu biyu muka koma taga, don iska tana kaɗo tartsatsi wajen rufinmu, ina lissafin ko in sauka in ɗauko jakar fasfo. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a tsaye ba, bai daɗe ba dai. Wani irin sauti na ji a bayana, kamar na kaza da aka riƙe wa wuya. Na juya na gan shi a tsaye, idanunsa sun firfito, bakinsa a buɗe, miyau yana dalala a rigarsa, hannunsa kuma babu komai.

Na yi salati na ɗauke shi na kifa shi a cinyata ina dukan bayansa. Ba abin da ya fito. Na kai yatsa zan zura a maƙogwaronsa, Kaka Halima ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce a'a, zan ƙara tura ta ciki. Yana numfashi, amma kowane numfashi da ƙara yake fita, kuma ko miyau ba ya iya haɗiyewa. Ba mu da tarho a gida, Babanku kuma ranar ya tafi filin jirgi tarbar baƙi, ba inda zan same shi. Ban taɓa wuce kantin kan kwana ni kaɗai ba. Tsohuwar nan ta zura kwat a kan rigar barcinta, ta tura ni gaba, muka sauka. Titi a toshe da motocin kwana-kwana da tiyo, ruwa ya daskare a ƙasa, ni da ciki da yaro a kafaɗa. Har Grand Concourse muka taka, ta shiga tsakiyar titi ta ɗaga hannuwa biyu, sai da wata tasi ta tsaya don dole.

A asibiti wata nas ta karɓe shi daga hannuna, wata kuma ta tsayar da ni tana tambayata sunansa. Kun san ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Babanku aka sa masa. Tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunan nan ba. Na tsaya ina kallonta, ta sake tambaya, ta ɗaga murya, ta kalli Kaka Halima ta ce anya wannan uwarsa ce? Wannan kam na gane shi sarai. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan. Na ga yadda ta bi ni da ido kafin ta rubuta.

Allah ya taimake ni da wani bawan Allah mai tura gadon marasa lafiya, mutumin Kumasi, ana ce masa Baba Seidu. Ya ji ina ta salati ya matso ya yi mini sallama. Hausarsu ta Zango ce, mace ma "ka" suke ce mata, amma ranar ban taɓa jin Hausa mai daɗin tasa ba. Shi ya tsaya tsakanina da likita. Suka ɗauki hoton ƙirjin yayanku suka liƙa a jikin fitila, sai ga abin nan fari, zagaye, a tsaye daidai gindin wuyansa, ya kusa cike faɗin wurin.

Baba Seidu ya ce, "Magajiya, kar ka ji tsoro. Likita ya ce kuɗi ya tsaya a hanyar abinci, yana danne hanyar iska. Za su sa yaro barci, su sa ƙarfe ta baki su ciro. Amma sai ka sa hannu."

Na ce, "A jira ubansa."

Ya faɗa wa likita, likita ya girgiza kai.

"Ya ce wuya yana kumbura. In ya kumbura ya rufe, ba sauran magana."

Ban taɓa yanke wata shawara babba ba tare da Babanku ba, kuma a lokacin a wurinmu allurar barci kusan mutuwa ce, mun sha jin waɗanda aka yi wa ba su farka ba. Na leƙa ta labule na ga laɓɓansa sun fara canja launi. Na karɓi biro na rubuta sunana. Aka tura gadonsa aka shige da shi, yana miƙo hannu ba ya iya kuka. Muka zauna a benci ni da Kaka Halima, ina jan carbina tana jan nata. Sau ɗaya kawai ta kama hannuna ta ce laifinta ne, na ce ni ma ai ina ɗakin.

Da la'asar likitan ya fito da wata 'yar kwalba a hannu, azurfar tana ciki, ta yi dishi-dishi. Ya ce an ciro, yaro zai tashi. Na durƙusa a wurin na yi wa Allah godiya. Amma likitan bai tafi ba. Ya sa aka nemo Baba Seidu, ya ce yana da tambaya. Da ya leƙa maƙogwaron yaron ya ga babu hakin wuya, an yanke shi. Ya kuma ga 'yan tsage a jere a gefen cikinsa. Wa ya yi masa haka? Na ce wanzami ne, a Kano. Hakin wuya ai kowane jariri ana cire masa, tsagar kuma an yi masa ce lokacin da ya yi wani zazzaɓi kafin mu taho. Na faɗa hankalina kwance, don ban ga abin ɓoyewa ba. Baba Seidu ya daɗe yana yi masa bayani, har ya buɗe nasa bakin ya nuna masa. Likitan ya saurara, ya ce ya ji, amma doka ta ce in ya ga tabon wuƙa a jikin yaro sai ya sanar. Da aka fassara mini kalmar hukumar yara, matar nan ta matakala ta faɗo mini a rai.

An buga waya ofishinsu daga asibiti, Babanku ya iso gab da magariba, tare da mai gidansa na ofis da matar mai gidan, Hajiya Uwani. A gabansu yayanku ya farka, ya fara kirana da dasasshiyar murya. Da ni kaɗai ce da na rungume shi. Amma ga manya a tsaye, ga ubansa, sai na ja baya kamar yadda aka tarbiyyantar da ni, Hajiya Uwani ta ɗauke shi tana lallashi. Sai da na juya na ga wata mata a bakin ƙofa, doguwa, mai tabarau da jaka, tana kallona. Ita ce matar hukumar.

Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. Bayan an sallame mu ta fara zuwa gida, ba ta faɗin ranar zuwanta. Sai dai in ji ƙwanƙwasa. Ta shigo da murmushi, ta buɗe firiji, ta taɓa ƙarfen ɗumama ɗaki ta ji shi sanyi ƙalau, ta duba tagogi, ta ɗaga rigar yayanku ta ƙidaya tsagen da yatsa. Ta tambaye ni me ya sa ba na kiran sunansa, me ya sa ba na sumbatarsa, da me nake dukansa in ya yi ɓarna. Ni kuma Turancin ya gudu, sai e da a'a, ban ma san ko a daidai wurin nake sa su ba. A zuwanta na biyu ta nuna cikina da biro, ta yi magana a hankali don in gane.

Ta ce, "Wannan ma in ya zo, za ku yanke shi?"

Da ta tafi na shiga banɗaki na yi amai.

Daga nan na daina cin abinci sosai. Ko takun ɗan aike na ji a matakala sai in ja yayanku mu shige ɗaki in toshe masa baki. Na daina hawa wurin Kaka Halima, don kada matar ta zo ta tarar ba ma nan ta ce mun gudu. Matan da muke haɗuwa da su wurin suna da ranar Juma'a kowa da nata labarin. Wannan ta ce ta ji an karɓe 'ya'yan wasu mutanen Afirka an kai su gidan Kirista, an canja musu suna. Waccan ta ce ai in suka fara zuwa gida sun riga sun gama shawara. Ba wadda ta gani da idonta, amma ni na ga na matakala da nawa idon.

A cikin haka na ji Hajiya Uwani za ta tafi gida ganin mahaifiyarta. A nan nake so ku saurare ni da kyau, don na san abin da kuka taso kuna ji a dangi, cewa Babanku ne ya yi fushi da ni saboda sakaci, ya ƙwace yayanku ya aika wa Inna, kakarku ta wajen uba, a Kano. Ba haka aka yi ba. Shi ya bari aka riƙa faɗin haka don kada a ce mace ta juya shi, kuma don kada danginsa su sa ni a baki. Ni ce na kawo maganar. Ranar Asabar ce, yana zaune yana goge takalmansa.

Na ce, "Malam, ina so Hajiya ta tafi da shi wurin Inna."

Ya ajiye burushin ya dube ni.

"Hajara, ki yi haƙuri mu ga ƙarshen abin. Na yi magana da mai gidana na wurin aiki, ya ce ofis zai shiga maganar. Ba a ɗaukar ɗan mutum haka kawai."

"An ɗauki na matar da ke ƙasa da mu."

"Ba mu san abin da ke tsakaninsu ba."

"Su ma ba su san abin da ke tsakaninmu ba. In suka zo da ɗan sanda kana ofis, me zan ce musu? Da wane bakin?"

Ya ce, "Kin san Inna. In na ba ta shi da bakina, ba zan iya komawa in ce ta ba ni ba."

Na ce na sani. Na ce gara ya tashi a hannun kakarsa yana salla da ya tashi a gidan da ban san ƙofarsa ba. Mun kwana biyu muna wannan maganar, yana ja ina ja, har ranar da ya dawo ya tarar da ni a bayan ƙofar ɗaki na ƙanƙame yaron, saboda mai karanta mitar wuta ya ƙwanƙwasa. Washegari ya nemo tikiti.

Kafin tafiyar na hau na kai wa Kaka Halima azurfarta, har lokacin tana cikin kwalbar asibiti. Ta rame. Ta karɓa ba ta ko duba ba, ta jefa cikin aljihun teburi ta rufe, akwatin mai jan ƙyalle kuma ban ƙara ganinsa a waje ba. Na faɗa mata abin da muka yanke. Ta sa na maimaita, sannan ta zauna a bakin gado. Ta ɗauko ɗaya daga cikin hotunan nan, wani yaro cikin gajeren wando, wanda na daɗe ina zaton ƙaninta ne. Ta ce ɗanta ne. Da bam ya yi yawa a birni ta ba wa yayarta shi ta kai shi ƙauye, don can ya fi aminci. Ita da ta zauna cikin wuta ta rayu. Su kuma har yau ba wanda ya san inda suka shiga.

Ta ce, "Kada ki ba kowa ɗanki. Ko wa ye. Ki riƙe shi, in za a ɗauke ku a ɗauke ku tare."

Na ce mata namu daban ne, babu yaƙi a garinmu, wurin kakarsa za shi. Ta ce ta riga ta je ofishin hukumar da ƙafarta, ta gaya musu ita ta ba shi azurfar, kuma ba ta taɓa ganin uwa mai kula da ɗa kamata ba, in ƙara haƙuri. Na ji maganarta har cikin ƙashina. Amma tsoron da ke gabana ya fi wanda take nuna mini kusa.

Muka raka su filin jirgin sama na JFK da rana. Na sa masa kwat ɗinsa mai hula, na cika masa aljihu da biskit. Muryarsa ba ta gama dawowa ba. An ce masa za a je a ga jirgi, sai murna yake yi, yana jan Hajiya Uwani wajen gilashi. Da aka kira su ya juyo ya kama gefen zanena ya ce in zo mu je. Na ce ya yi gaba, ina zuwa. Ya yarda. Ya bi ta yana waiwaye har suka sha kwana. A mota, da muka hau gada, na ga Babanku yana share fuska da hularsa.

Ba a yi mako biyu ba matar hukumar ta dawo. Na buɗe mata ƙofa, karo na farko ban ji komai ba. Ta tambayi yaro, na ce yana Kano wurin kakarsa. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce ita ta zo ne ta gaya mini an rufe maganar. Sun tambayi wani likita da ya taɓa aiki a ƙasashenmu, ya ce al'ada ce, tabon kuma tsoho ne, sannan maƙwabciyata ta yi mini kyakkyawar shaida. Abin da ya rage kawai za su matsa wa mai gidan ya gyara ɗumama. Ta ce ta yi zaton zan yi murna. Na ce na gode. Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa, a nan Babanku ya dawo ya same ni.

Ya aika wa Inna saƙo ta bakin masu tafiya. Ta ce a bari sanyin New York ya wuce. Da ya wuce ta ce a bari in haihu in huta. Da na haife ki, Bilkisu, ta ce an sa shi makarantar allo, a bari ya ɗan yi nisa. Ba mugunta take yi ba, ta shaƙu da shi ne, sunan mijinta gare shi, a ɗakinta yake kwana. Babanku kuma, kamar yadda ya gaya mini tun farko, bai iya buɗe baki ya ce wa uwarsa ta dawo da abin da ya ba ta ba. Kafin bazara ta biyu Kaka Halima ta koma Brooklyn wurin mutanen ƙasarsu. Ranar tashinta ta sauko ta ɗauke ki ta daɗe tana kallonki, ta tambaye ni ko yaro ya dawo. Na ce tukuna. Ta miƙo mini ke, ta sa hannuwana biyu ta matse su a jikinki. Ban ƙara jin labarinta ba.

Haihuwar Sadiya ta biyo baya, Babanku ya canja wurin aiki, tafiya gida ta yi ta ja da baya. Lokacin da na taka Kano yayanku ya riga ya shiga firamare, haƙoransa na gaba sun zube. Muna zaune a ɗakin Inna, mata sun cika ana ta sannu da zuwa, aka ce ga shi nan ya dawo daga makaranta. Ya shigo da sallama, siriri, fari tas da ƙurar wasa a ƙafafunsa. Ya wuce kai tsaye ya jingina da Inna. Ta ce masa ba ka gaida baƙi ba? Ya taso ya durƙusa a gabana ya gaishe ni da kyau, kamar yadda ake gaida manya, idonsa a ƙasa. Na amsa. Na ba shi tsarabarsa, takalma da mota ta wasa, ya karɓa da hannu biyu ya kai wa Inna ta gani.

Da yamma, bayan mutane sun watse, ina tsakar gida ina alwala, ya zo ya tsaya nesa kaɗan yana kallon ku biyu kuna wasa kuna Turanci. Na yi masa alama ya matso. Ya matso. Na rasa ta inda zan fara, na tambaye shi karatu, ya ce lafiya. Na tambaye shi ko takalman sun yi masa, ya ce sun yi. Sai ya ɗago kai ya dube ni sosai, har na ɗauka ya tuna wani abu.

Ya ce, "Hajiya, yaushe za ku koma garinku?"

Na ce masa sai bayan Salla. Ya ce Allah ya kai mu, ya ɗauki butar ya ƙaro mini ruwa.